Gurbin Suna Mai Jan Tauraro

Butalbagar, Njamena,
Ranar Laraba, tsakiyar damina.

Zuwa ga yayana Muttaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da matarka A'isha Humaira da su Alamin. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa albarka a allurarka da zarenka, ya kuma dawo mana da kai kafin mu manta kamanninka, don shekara huɗu a Libarbil ta ƙasar Gabon ba kwana huɗu ba ne.

Mu nan gida kowa lafiya, alhamdu lillahi. Baba yana fita kasuwa kullum, gwiwar ce dai take masa gardama in ya daɗe a zaune. Inna tana nan da faɗanta, ba abin da ya ragu. Ruwa bana ya yi mana yawa, layinmu ya zama tafki, masu klando, baburan hayar nan, sun daina shigowa, sai in tattare zane in taka har bakin kwalta kafin in samu abin hawa zuwa wurin aikina a unguwar Klemat. Har yanzu ina shagon Alhaji Junaid ina buga wa mutane takardu. Shekara shida ke nan ina buga wasiƙun mutane, amma yau ce rana ta farko da na zauna ina buga tawa.

Za ka ce me ya hana ni aiko da saƙon murya kamar kullum. Na gwada sau uku, kuka yana ƙwace mini, sai in goge. Ka kwantar da hankalinka, ba rasuwa aka yi ba. Maganar Baffa Abdussamad ce, kuma zan bi da kai tun daga farko ko da za ka ƙosa, don ka san ni ban iya taƙaita labari ba.

Ka san dai yadda Baffa, wan Baba, ya bar gidan nan yana saurayi, wai zai ƙarasa tafiyar hajjin da kakanninmu suka faro da ƙafa daga Haɗeja suka yada zango a nan. Shi ma bai wuce Madani ta ƙasar Sudan ba. Ya zauna yana gyaran kekunan ɗinki, ya yi aure da girmansa, ya auri matar da ba mu taɓa gani ba. Duk Juma'a yakan kira Baba. Tun da yaƙi ya shiga garin wayarsa ta daina shiga, muka yi wata goma sha tara ba mu ji ko tarinsa ba. Baba ya bi duk wanda aka ce ya fito daga can, har gidajen da bai san kowa ba ya yi sallama, amma ba wanda ya ce ya gan shi.

Abin da ba a gaya maka a waya shi ne halin da Kaka Shatu ta shiga. Ba ta taɓa buɗe baki ta tambayi labarinsa ba. Amma kwanon abincinta ya riƙa dawowa yadda aka kai shi, ta rame har zobenta na azurfa ya riƙa zamewa daga yatsa. Likita ya duba ta ya ce bai ga ciwo ba. Ni da nake ɗaki ɗaya da ita na san ciwon, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai cewa za mu kai ta makwancinta ba ta san ko ɗanta yana raye ba.

To ka san bayan azahar ciniki yakan lafa a shago. Alhaji Junaid, Allah ya saka masa, ya ce in dai akwai wuta, kwamfuta tawa ce har la'asar. Wata rana wani ɗalibi ya kawo takarda a buga masa, na ga an jera sunayen wuraren da ake koyon gina shafin intanet. Na kwafa don son sani kawai. Yaya, wallahi ban san akwai irin wannan duniyar ba! Na fara da OpenClassrooms don darussansa da Faransanci suke, suna bi da kai sannu-sannu kamar malamin da ba ya gajiya. Daga nan na faɗa freeCodeCamp, inda za ka rubuta layi ɗaya a gefe, nan take ka ga abin da ka rubuta ya fito a ɗaya gefen. Ranar da na sa kalmar Njamena ta koma launin kore da hannuna, ihu na yi har Alhaji ya leƙo yana tambaya ko kunama ce. Akwai kuma MDN, wanda ya fi kama da babban ƙamus, duk abin da ya shige maka duhu yana ciki, kuma wasu bayin Allah sun zauna sun mayar da mafi yawansa Faransanci. Na samu inda ake ɗaukar haruffa masu kyau, na Larabci da namu masu lanƙwasa. Duk wannan ba wanda ya tambaye ni 'yar wane ce, ko wace makaranta na gama, ko ina da hanya. Ni da aka mayar da ni gida daga aji uku na sakandare, ga ilimi an zube mini a gaba, ƙofa a buɗe, ba mai gadi. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Bayan wata biyar na ce wa kaina, tunda ba mu kaɗai muke neman namu ba, me zai hana in gina shafin da mutanenmu na nan da na can za su rubuta wanda suke nema? Na gina shi da Hausa da Larabci da Faransanci. Baba ya kai maganar wurin dattawan unguwa, suka amince, da sharaɗin kada a bayyana lambar wayar kowa, ni kaɗai zan riƙa gani in haɗa mutane. Liman ya yi sanarwa, aka watsa adireshin a zaurukan WhatsApp na 'yan uwa har cikin Sudan. Fom ɗin kuwa na kwaikwayo shi ne daga misalan da na gani: sunan wanda ake nema, sunan dangi, ranar haihuwa, kowanne da ɗan jan tauraro a gefe, ma'ana in ba ka cike shi ba, ba za ka wuce gaba ba. Na dube shi na ga ya yi kyau kamar na ma'aikatar gwamnati. Kaina ya kumbura, har tafiyata ta canja, Inna ta ce in bi a hankali kada ƙofar gida ta yi mini kaɗan.

Sai dai abin bai tafi yadda na zata ba. Akwai wata 'yar na'ura da ake liƙa wa shafi, tana nuna maka mutum nawa suka buɗe. Ɗaruruwa suna buɗewa, amma masu ƙarasawa ba su taka kara sun karya ba, kuma kusan dukkansu maza ne. Na ɗora laifin a kan rezo, wato rashin ƙarfin intanet. Na koma na karanta yadda ake rage nauyin shafi, na cire hotuna, na matse komai har ya zamana tsohuwar waya ma tana buɗe shi. Duk da haka shiru. Wata biyu ina wannan fama, Kaka tana ƙara lalacewa a gabana, ni kuma ina ta gyaran launi.

Abin da ya cece ni wani darasi ne a kan tsara shafi, inda aka ce in kana son sanin aibin aikinka, ka miƙa wa mutum ka zauna a gefe ka yi shiru, kada ka taimaka masa, ka dai zuba ido. Ka san ni da shiru ba ma ga maciji, amma na daure. Aka yi walimar suna a Shagwa, gidan ƙawar Inna, na tafi da wayata. A can na haɗu da wata baiwar Allah, Halimatu Sa'adiya, wadda ta tsero daga Jinena ta ƙasar Sudan da 'ya'ya uku, mijinta kuwa tun a hanya suka rabu. Ba ta karatu, don haka na ce zan karanta mata tambayoyin in rubuta amsa. Ta matso da murna. Na karanta tambayar farko, sunan wanda ake nema. Sai ta sunkuyar da kai. Na maimaita, a zatona hayaniya ce ta hana ta ji. Ta dubi matan da ke kewaye da mu, ta gyara mayafi, ta ce bari ta duba yaro, ta tashi. Ba ta dawo ba.

Na dawo gida raina a jagule. Don in gwada, na zauna kusa da Kaka na yi mata tambayar nan. Ta yi mini wani kallo tun daga sama har ƙasa, ta ce ashe bokon nawa bai koya mini komai ba sai rashin ta ido, ta juya mini baya. A nan ne abin ya faɗo mini a ka. Baffa ɗan farinta ne. Shekara sittin ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce wancan, ko yaron nan. Inna ma ka taɓa jin ta ambaci sunan Baba? Wace mace ce a cikin iyayenmu za ta buɗe baki a gaban jama'a ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari? Waɗanda yaƙi ya bari suna nema kuwa yawancinsu mata ne, kuma da yawansu sai an karanta musu an rubuta musu a wayar wani. Ni da aka haifa a gidan nan, na girma ina jin wannan kullum, na je na kafa musu ƙofa na ce ba mai shiga sai ta tuɓe kunyarta. Ranar dai kunyar ni ta kama, na rasa inda zan sa kaina.

Washegari na shiga bincike, na faɗa kan wani shafi na ƙungiyar W3C, masu tsara ƙa'idojin intanet, wanda ya yi bayani a kan sunayen mutanen duniya. Bai ambaci irin kunyarmu ba. Amma ya nuna cewa ba kowa ne ke da sunan dangi ba, ba kowa ne ke jera suna iri ɗaya ba, kuma mai gina fom ya fara tambayar kansa ko da gaske yana bukatar abin da yake tilasta wa mutane su rubuta. Na karanta shi sau uku. Wasu mutane a can wata uwa duniya, da ba su taɓa jin sunan Butalbagar ba, sun zauna sun yi tunanin kada a takura wa irin su Halimatu, ni kuwa da muke cin tuwo ɗaya ban yi ba. Mamaki da haushin kaina suka haɗu suka cika mini ciki.

Na rushe fom ɗin gaba ɗaya. Na cire jan tauraro, na cire ranar haihuwa, tunda Kaka ma in ka tambaye ta sai ta ce shekarar fari. A maimakonsu na sa tambayoyi irin namu: da me ake kiransa, baban wa ne, mece ce sana'arsa, wace alama ce a jikinsa, su wa ya ce danginsa ne. Sannan na so in sa babban madanni guda, wanda mace za ta danna ta shiga ɗaki ita kaɗai ta yi magana da bakinta, wayar ta naɗi muryarta. Wannan ya gagare ni, kwana tara ina yi yana ƙin aiki a ƙananan wayoyi. Da na gaji, na rubuta tambaya a wani dandali na masu wannan sana'a, da guntun Turancin da na'ura ta fassara mini. Kafin in idar da sallar la'asar wani ya amsa. Ya ce daga Indonesiya yake. Ya nuna mini layi biyun da na kuskure, ya gyara, ya ƙara da cewa kakarsa ma ba ta kiran kakansa da suna, ya yi mini fatan alheri. Na nemi in san ko wane ne don in gode masa sosai, ban same shi ba, hoton kyanwa ne kawai a wurin fuskarsa. Kullum yana cikin addu'ata, ina cewa Allah ka san shi.

Yaya, da aka sake watsa adireshin, sai muryoyi suka fara zubowa. Daga Adre, daga Abeshe, daga Kasala, daga wuraren da ban taɓa ji ba. Wata ta ce tana neman mai sunan Baba, dogo, mai sayar da albasa. Wata ta ce baban Dauda, wanda haƙorinsa na gaba ya karye. Hausa iri-iri, wata ta cakuɗe da Larabci har sai na saurara sau biyu. Nakan sa abin ji a kunne in rubuta alamomin a littafi, ina yi ina share hawaye, masu kawo takardu suna zaton mura nake yi. Cikin mako uku Allah ya sa na haɗa gida huɗu.

Ranar Litinin ta makon jiya, wajen ƙarfe uku, na buɗe wani saƙo daga Gadarif, can cikin Sudan. Murya ce ta mace, a hankali take magana kamar mai tsoron a ji ta. Ta ce ita ba wanda ya ɓace take nema ba, dangin maigidanta take nema. Ta ce baban Ikilima ne, yana gyaran keken ɗinki, mutanen Madani suna ce masa Usta Ɗan Shari, wato gwanin gyaran da ya fito daga bakin kogin garinmu. Ta ce yana da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu, wanda ya samu yana yaro a kaskon ƙuli-ƙulin mahaifiyarsa. Mahaifiyar kuwa, ta ce, tana Njamena, mai sunan Uwar Muminai ce, don ita ma surukar ba za ta iya kama sunanta ba. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, kujera ta kife. Na bar shagon a buɗe, na yi kasuwa wurin Baba da gudu, takalmi ɗaya a hannu. Baba ya saurara, da aka zo wurin tabon sai ya zauna a kan buhu ya rufe fuska da hula.

Muka kira lambar. Ta wata maƙwabciyarsu ce, ta kai wa matar, sunanta Safiyatu. Ta ce sun fito daga Madani da ƙafa, aka raba su da waya da takardu a hanya. Kwana biyu da isarsu Gadarif Baffa ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Lambobinmu duk suna cikin wayar da ta tafi, shi kuma ya kasa faɗa, ya kasa rubutawa. Ita take sayar da shayi tana riƙe da shi da yarinyar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce tun wata uku da suka wuce maƙwabciyar ta buɗe mata shafina, a tsakar gida cike da mutane, aka tambaye ta suna, ta ce a bari sai wani lokaci. Wata uku, Yaya. Kaka ta yi su ne tana mayar da kwano saboda ɗan jan tauraron da na sa don shafina ya yi kyau. Na roƙi Allah gafara, na roƙi Safiyatu, ita kuwa ta yi ta ce mini ba komai, 'yata.

Baba ya ce a sa wa Baffa wayar a baki a ɗauko mana ko da numfashinsa ne. Aka aiko da saƙo na daƙiƙa goma sha ɗaya. Sallama ya yi, a ja, da ƙyar, sannan ya ce yana nan. Washegari da hantsi muka shiga wurin Kaka, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Baba bai iya yi mata bayani ba, ni na danna. Da muryar ta fito sai carbin ya tsaya. Ba ta dube mu ba, ta mayar da fuskarta bango. Da ya ƙare ta ce ba ta ji da kyau ba, a sake. Ka san Kaka, daga ɗaki takan ji an buɗe tukunya a madafa. Na sake. Ta ce hayaniyar kaji ta yi yawa, a sake. Sau bakwai na danna. Daga nan ta ce, tana kallon bango, a tambayi yarinyar nan, wato Safiyatu, ko wancan yana samun cin abinci. Aka ce mata yana shan kunu. Sai ta ce wa Inna ita ma a dama mata.

Yanzu Baba da dattawa suna shawarar hanyar da za a bi a ɗauko su in ruwa ya ɗauke, kuma yana son jin ta bakinka, don haka ka kira shi ranar Juma'a. Ni kuma roƙona gare ka guda ne. Ka watsa adireshin a cikin mutanenmu na Gabon, kuma in matarka tana da sarari ta taya ni sauraro, don muryoyi fiye da ɗari biyu suna jira, kunnena biyu ne kawai. Halimatu Sa'adiya ta yi nata saƙon, ita kaɗai a bayan shago. Har yanzu ba a dace ba, amma duk bayan kwana biyu takan zo ta zauna a benci, ba ta tambaya, ni kuma sai in miƙa mata ruwa. Ku sa ta a addu'a.

Ka gaishe mini da A'isha Humaira da kyau, ka shafa mini kan Alamin da ƙanensa, ka gaida Malam Rufa'i maigidanku da duk wanda ya tambaye ni. Baba da Inna suna gaishe ku suna sa muku albarka. Kaka ta ce in gaya maka kai ma ka daɗe. Safiyatu da Ikilima suna gaida ku, ko da yake ba ku san juna ba tukuna. Jiya kuma an karanta wa Baffa sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, da aka zo kanka sai ya ɗaga hannun da ke motsi. Safiyatu ta ce gaisuwa ce, ta ce lallai in isar maka. To ga ta nan, na isar.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Lailatu Ilyasu